A ba mai kwamfuta mabuɗinsa na biyu tun ranar ciniki

Keffi garin karatu ne da aikin ofis. Tun da Jami'ar Jihar Nasarawa ta buɗe ƙofofinta a 2002, ga Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya, ga kuma ma'aikatan da ke kwana a nan su yi sammako zuwa Abuja mai nisan kimanin kilomita 50, da wuya mutum ya zaga Angwan Iya ko Angwan Rimi ko Angwan Lambu bai ci karo da shagon buga takardu ko na gyaran waya da kwamfuta ba. A cikin waɗannan na'urori ne furojet ɗin ɗalibi yake, da sakamakon jarrabawar da malami bai miƙa ba tukuna, da lissafin bashin mai kemis, da hotunan takardun fili. Akwai wata matsala da ke jiran duk waɗannan mutane, kuma za ta ƙara yawa a shekarun nan: mutum ya kunna kwamfutarsa, ya saka kalmar sirri kamar kullum, amma foldar da aikinsa ke ciki ta ƙi buɗewa, ko ma na'urar ta tsaya tana neman wasu lambobi da bai taɓa jin labarinsu ba. Ra'ayina a kan wannan ɗaya ne. Kullen sirrin da ke kan na'urorin abu ne mai amfani, a bar shi. Abin da ya rage mana shi ne mu mayar da miƙa mabuɗi na biyu ga mai na'ura wajibi a kan duk wanda ya sayar, ya saita, ko ya gyara kwamfuta, kamar yadda rasit ya zama wajibi.

Kafin a yi gardama a kan haka, ya kamata a san yadda kullen yake aiki, domin rashin saninsa ne ke jawo asarar. Idan aka kulle folda da sirri, kwamfuta tana hautsina kowane fayil da wani dogon mabuɗi na lissafi wanda ita ta ƙirƙira da kanta, ta yadda wanda ba shi da mabuɗin ba zai ga komai ba sai tarkacen haruffa. Kalmar sirrin da kake bugawa kullum ba ita ce wannan mabuɗin ba. Aikinta kawai ta buɗe ɗan wurin da aka ɓoye shi. Misalinsa kamar adaka ce da aka saka mabuɗinta a cikin wani ƙaramin akwati mai kwaɗo: idan ka buɗe ƙaramin, ka ɗauko mabuɗi, ka buɗe adakar. A ranar da komai ke tafiya daidai, waɗannan matakai biyu suna faruwa a lokaci guda, cikin ƙiftawar ido, har mai na'ura bai san akwai su ba. Ranar da wani abu ya shiga tsakaninsu, sai mutum ya shiga kwamfutarsa lafiya lau amma ya tarar da wayam. Abin lura a nan shi ne fayilolin ba su je ko'ina ba. Suna nan daram a kan faifan ajiya, a kulle, kuma za su ci gaba da zama har sai wani ya goge su da hannunsa.

Masu amfani da Linux, waɗanda ɗaliban kimiyyar kwamfuta ke cikinsu, sun fi kowa sanin wannan fuska ta matsalar. Manhajar eCryptfs, wadda Ubuntu ta daɗe tana kulle foldar gida da ita kafin ta cire zaɓin daga wurin girkawa a fitowar 18.04 ta Afrilun 2018, kuma Linux Mint ta ci gaba da bayar da shi, tana jiran kalmar sirri ne a daidai lokacin shiga. Idan ba ta samu ba, sai mutum ya buɗe foldarsa ya ga fayiloli biyu kacal, ɗaya na bayani, ɗaya mai cewa a danna don isa ga bayanan sirri, wani lokacin ma allon shiga ya riƙa mayar da shi baya. Dalilan sanannu ne. Ko dai wani mai ikon gudanarwa ya sauya masa kalmar sirri daga waje, alhali mabuɗin yana nan naɗe da tsohuwar. Ko an saita na'urar ta riƙa shiga da kanta, ko da zanen yatsa, ko daga nesa da mabuɗin SSH, ta yadda babu kalmar da za a miƙa wa kullen. Ko kuma wata sabuntawa ta taɓa ɓangaren da ke haɗa shiga da buɗewa. Maganin yawancinsu bai wuce minti goma ba: a buga umarnin ecryptfs-mount-private a saka tsohuwar kalmar, sannan a sake naɗe mabuɗin da sabuwar. In ma na'urar ta ƙi tashi gaba ɗaya, ana kunna ta daga filas a nemo bayanan da ecryptfs-recover-private. Tun ranar farko kuwa manhajar kan gargaɗi mai ita ya fito da ainihin mabuɗin, mai haruffa da lambobi 32, ya rubuta ya adana. Wanda ya yi haka ba ya shiga uku ko da ya manta tsohuwar kalma. Wanda ya danna ya wuce, shi ne ke kwana da hawaye.

A ɓangaren Windows, wadda mafi yawan mutanenmu ke amfani da ita, tarkon ya fi ɓoyewa. Tun daga Windows 2000 akwai tsarin EFS da ke ba mutum dama ya kulle folda guda, sai wani ɗan kwaɗo ya bayyana a jikin hotonta. Mabuɗin wannan kulle yana zaune ne a cikin asusun mai na'urar, kuma kalmar sirrinsa ce ke tsare shi. Idan mutum ya manta kalmar, mai gyara ya yi amfani da wata manhaja ya share ta ko ya dasa sabuwa, za a shiga kwamfutar, amma fayilolin za su ce ba a da izini. Mafi muni shi ne abin da masu gyara ke yi da zuciya ɗaya: su ce wa mutum ya kwantar da hankalinsa, ɓangaren C kawai za a goge, aikinsa na ɓangaren D ba abin da zai same shi. Gaskiya ne fayilolin za su tsira da sunayensu da girmansu, amma mabuɗin buɗe su yana cikin C ɗin da aka wanke. Daga ranar sun zama abin kallo kawai, sai fa idan an fitar da takardar shaidar mabuɗin an ajiye a filas tun da farko, abin da Windows ke tunatar da mutum ya yi a lokacin da ya fara kullewa.

Sai kuma BitLocker, wanda ya zo da Windows Vista, mai kulle faifan gaba ɗaya. Shi nasa mabuɗin yana hannun wata 'yar ƙwaya da ke jikin babban allon da ke cikin kwamfutar, mai suna TPM, wadda ke duba yadda na'urar ta tashi kafin ta sake shi. Idan ta ga wani abu ya sauya, misali an taɓa saitin BIOS, ko an sauya babban allon na ciki, ko an ɗauke faifan an kai wata kwamfutar, sai ta riƙe mabuɗin. A nan ne shuɗin allo ke fitowa da wani dogon gurbi, yana neman lambobi 48, rukuni takwas, kowane rukuni lambobi shida, a ƙasa kuma ga wata lambar shaida da ke nuna wane mabuɗi ake nema. A da, galibi wanda ya kunna wannan kulle da kansa ne yake gamuwa da shi. Amma daga fitowar 24H2 ta Windows 11, a Oktoban 2024, Microsoft ta sassauta sharuɗɗan, ta yadda na'urori da yawa, har da masu nau'in Home, ke kulle kansu da zarar an yi sabuwar girkawa an shiga da asusun Microsoft, sannan a aika mabuɗin cikin wannan asusun. Ga shi kuma wa'adin tallafin Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025, abin da ke tura mutane zuwa shagunan gyara don a zuba musu sabuwa, ko su koma Linux idan na'urar ta tsufa. Ma'ana, yawan kwamfutocin da ke kulle ba tare da masu su sun sani ba ƙaruwa zai yi.

Yanzu a duba abin da ke faruwa a shago idan irin wannan ta taso. Ɗaliba ta shigo da laftof a rungume, saura kwanaki ta kare furojet, ta ce, "Oga, don Allah duba min, ba na ganin komai nawa." Mai gyara ya kunna, ya ga shuɗin allo, ya tambaye ta lambobin, ta ce ba ta san su ba. Ga mutane a layi, ga janareta na shan mai. Amsar da ta fi sauƙi ita ce, "Hajiya, sai dai a yi mata fomat." Cikin awa ɗaya kwamfuta ta dawo tana sheƙi, an biya kuɗin aiki, shekara guda ta bincike kuma ta tafi. Ba mugunta ce ta sa shi ba, kuma sau da yawa ya yi imani babu wata hanya. Sai dai akwai tambayoyin da ya kamata su riga fomat, kuma ba sa cin kuɗi. Me aka sauya kafin abin ya faru? Wa ya sauya kalmar sirri, kuma ana tuna tsohuwar? Da wane imel aka buɗe na'urar ranar da aka saye ta? An taɓa BIOS, ta yadda mayar da saitin yadda yake zai iya sa TPM ta saki mabuɗin? In duk waɗannan ba su ba da amsa ba a ranar, ana iya cire faifan a ajiye, a saka wani a zuba Windows a kai, ɗaliba ta ci gaba da aiki yayin da ake neman lambobin. Faifan da ke kulle yana iya jira wata shida. Wanda aka goge aka zuba sabon abu a kai ya tafi ke nan.

Wanda ke ganin wannan matsalar ƙananan mutane ce, ya tuna 19 ga Yulin 2024. A ranar, wata gurɓatacciyar sabuntawa daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5, bisa ƙiyasin Microsoft. Jirage sun kasa tashi, bankuna da asibitoci sun tsaya, kamfanin jirage na Delta a Amurka shi kaɗai ya soke tashi kusan 7,000 a cikin 'yan kwanaki. Gyaran kansa ba shi da wuya, fayil ɗaya ake gogewa. Amma a na'urorin da ke da BitLocker, hanyar farko da aka bayar ta isa ga fayil ɗin tana buƙatar lambobin nan 48, kowace kwamfuta da nata. Ma'aikatun da suka adana lambobinsu a inda hannu zai kai sun farfaɗo da wuri. Waɗanda suka ajiye su a cikin wata kwamfutar da ita ma ta faɗi sun sha wuya. A wannan wata na Yulin 2024 dai, Microsoft ta amsa cewa wata sabuntawar tsaro tata ta jefa wasu na'urori cikin allon neman lambobin, kuma irin haka ta sake faruwa da Windows 10 a Mayun 2025. Darasin a fili yake: ko mutum bai yi kuskuren komai ba, ranar neman mabuɗi na biyu tana iya zuwa, kuma abin da ke raba wanda ya tsira da wanda ya yi asara shi ne shirin da aka yi tun kafin ranar. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Me ya sa nake ɗora nauyin a kan mai sayarwa da mai saitawa? Saboda a wurinmu, mai kwamfuta ba shi ne ke kunna ta karon farko ba. Ana sayo ta ne daga Banex Plaza a Abuja, ko Farm Centre a Kano, ko Computer Village a Ikeja, ko wani shago a nan cikin gari, a miƙa wa yaron shago ya zuba manhajoji. Idan tsarin ya nemi asusun Microsoft, yaron kan buɗe sabon imel cikin gaggawa, ko ya saka nasa, ko na shagon. Mabuɗin ya tafi can, mai kaya kuma ya tafi gida bai san an yi haka ba. Ko da asusun nasa ne, akan ɗaure shi da lambar waya, mu kuwa mun san yadda layuka ke mutuwa a ƙasar nan. A Afrilun 2022 an hana miliyoyin layukan da ba a haɗa da lambar NIN ba yin kira, Hukumar Sadarwa ta NCC kuma ta sa 14 ga Satumban 2024 a matsayin wa'adin ƙarshe na haɗawar. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba ana sayar wa wani. Duk wanda saƙon tabbatarwa ke zuwa wa ta layin da ya rasa, yana iya rasa asusun, ya rasa mabuɗin tare da shi. Don haka mutumin da ke zaune gaban allo a lokacin da aka ƙirƙiri mabuɗin, wanda ya san ma'anarsa, shi ne ya fi cancanta ya fito da shi, ya buga a takarda ko ya rubuta, ya miƙa wa mai shi hannu da hannu, ya gaya masa abin da yake da amfaninsa. Aikin minti biyar ne.

Za a ce, to me ya kawo wannan wahala? A kashe kullen mana tun ranar farko, kowa ya huta. Masu gyara da yawa haka suke yi, kuma na fahimci dalilinsu. Amma wannan shawara ta manta da ɓarawo. Kwamfutar da ba ta da kullen sirri, kalmar shigarta ba ta tsare komai: a cire faifan a haɗa da wata na'ura, ko a kunna ta daga filas, duk abin da ke ciki ya fito fili. A ɗakunan haya da gidajen kwanan ɗalibai da motocin haya na hanyar Keffi zuwa Mararaba, ɓacewar laftof ba baƙon labari ba ne. Abin da ke cikinta kuwa ya fi ƙarfen tsada: hoton katin NIN, lambar BVN, kalmomin sirrin banki da imel da manhajar shiga intanet ta adana, hotunan iyali, takardun marasa lafiya, tambayoyin jarrabawa. Ga mace musamman, hotunan da suka faɗa hannun mugu suna iya zama makamin barazana na shekaru. Wanda ya kashe kullen ya guje wa asara ɗaya ya rungumi wadda ta fi ta, kuma ita ba ta da magani, domin bayanin da ya fita ba ya dawowa. Matsalar kullen kuwa tana da rigakafi mai arha, takarda ɗaya.

Wasu kuma za su ce kamfanonin ne suka ƙi, da sun so da sun ajiye wani babban mabuɗi da zai buɗe kowace na'ura idan mai ita ya kawo rasit. An daɗe ana wannan muhawara a duniya. A 2016 hukumar FBI ta Amurka ta kai kamfanin Apple kotu tana so ya ƙera mata hanyar buɗe wayar wani maharin San Bernardino, Apple ya ƙi, bisa hujjar cewa hanyar da aka ƙera don waya ɗaya za ta yi aiki a kan sauran. Shekara guda bayan haka duniya ta ga abin da ake tsoro. A Mayun 2017 cutar kwamfuta ta WannaCry ta bazu a ƙasashe kimanin 150, har ta tsayar da asibitoci a Birtaniya, kuma da wani makamin kutse da ya zurare daga hukumar leƙen asiri ta NSA aka ƙera ta. Idan hukuma irin wannan ta kasa riƙe sirrinta, babu dalilin zaton babban mabuɗi zai zauna lafiya a hannun kowa. Ranar da ya fita, zai isa kasuwar 'yan satar waya kafin ya isa ga mai rasit. Kullen da wani zai iya buɗewa a bayan idonka ba kulle ba ne, shi ya sa nauyin ajiye mabuɗi ke komowa kanmu.

Akwai kuma masu cewa rubuta lambar sirri a takarda ya saɓa wa duk abin da aka koya mana. Wannan ƙorafi yana da ƙamshin gaskiya, amma ya haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba. Abin da aka hana shi ne manna kalmar sirri a jikin na'ura ko barin ta cikin jakar laftof, inda ɓarawo zai ɗauke su tare. Takardar da ke gida, cikin fayil ɗin takardun makaranta da na fili, ko a hannun uwa ko miji ko wani amintacce, ba ta cikin wannan haɗari, domin mai kutse daga intanet ba ya iya karanta abin da ke cikin durowa, ɓarawon tasha kuma bai san gidan ba. Mutanenmu ba baƙi ba ne wajen adana takarda mai daraja. Dattijon da bai taɓa taɓa kwamfuta ba yana iya fito maka da takardar gonar da aka rubuta shekara arba'in da suka wuce, a naɗe cikin leda. Wannan ɗabi'a ce ake buƙata. Sharaɗi ɗaya ne: a rubuta lambar shaidar mabuɗin da sunan na'urar a saman takardar, kuma kada kwafi ɗaya tilo ya zama hoto a cikin kwamfutar da ake tsoron ta kulle.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne na masu sana'ar kansu. Za su ce su ba malaman makaranta ba ne, kuɗin da ake biyansu bai kai su tsaya yin darasi ba, kuma ko sun ba da takardar, rabin mutane yar da ita za su yi. Na yarda mai kaya yana da nasa alhakin, kuma wanda aka ba takarda ya yar ba shi da bakin kuka. Amma ba a ɗora wa mutum alhakin abin da bai san da shi ba, kuma a halin yanzu mafi yawan masu saye ba a taɓa gaya musu akwai wani mabuɗi ba. Sannan wannan al'ada kariya ce ga mai gyaran kansa. Rigimar "ka goge min aiki" ta kai mutane gaban 'yan sanda da masu unguwa, ta kuma ɓata sunan shaguna. Mai shagon da ya sa layi biyu a rasit ɗinsa, ɗaya na cewa an miƙa mabuɗi, ɗaya na cewa mai kaya ya amince a goge bayan an bayyana masa abin da zai rasa, ya wanke kansa. Haka kuma bai kamata shago ya riƙe kwafin mabuɗan mutane ba, ko ya bar su cikin asusunsa, domin wannan amana ce mai nauyi da ba shi da wurin ajiye ta. Ceto bayanai kuma aiki ne da ake biya fiye da fomat, don haka wanda ya koyi bin matakan nan ya ƙara wa sana'arsa daraja da kuɗin shiga.

Ga ma'aikatu kuwa, maganar ta wuce shawara ta zama doka. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023, ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa, ta kuma wajabta wa duk mai riƙe bayanan mutane ya ɗauki matakan tsare su. Cikin matakan da ta ambata akwai kulle bayanai da sirri, akwai kuma iya dawo da su cikin lokaci idan wani abu ya faru. Abubuwan biyu tare suke tafiya. Makarantar da ta kulle sakamakon ɗalibai a kwamfutar jami'in jarrabawa ɗaya, wanda shi kaɗai ya san kalmar, ta cika rabin sharaɗi ne kawai. Idan aka yi masa sauyin wurin aiki, ko ya kwanta rashin lafiya, ko Allah ya yi masa rasuwa, ɗalibai ne za su biya. Kowane sashe na jami'a, kowane asibiti mai zaman kansa, kowace sakatariya, ya kamata a ce akwai rajistar na'urori da mabuɗansu a rufe cikin ambulan, ƙarƙashin kulawar mutum biyu, kuma a riƙa gwada su lokaci zuwa lokaci. Jami'ar da ke Keffi tana da damar da ta fi ta kowa, domin duk ɗalibi yana bi ta darasin kwamfuta da taron wayar da kan sababbin shiga. Rabin awa a ɗayansu, inda kowa zai buɗe na'urarsa ya duba ko a kulle take, ya nemo lambobinsa ya rubuta, zai hana asarar da ba a iya ƙirgawa.

Wannan magana ba ta tsaya kan masu laftof ba. Wayoyin iPhone suna kulle bayanansu da lambar mai su tun daga iOS 8 a 2014, sababbin wayoyin Android kuma an wajabta musu kullen fayiloli tun daga Android 10 a 2019, shi ya sa mai gyara ba ya iya ciro hotuna daga wayar da aka manta lambarta, filashin kuma share komai yake yi. WhatsApp ya kawo kullen ajiyar hira a 2021, da kalmar sirri ko mabuɗi mai lambobi 64, ya kuma faɗa ƙarara cewa idan aka rasa su tare da wayar, shi ma ba zai iya buɗewa ba. 'Yan kasuwa da yawa a kasuwar Keffi littafin bashinsu yana cikin WhatsApp ne. Akwai kuma batun gado, wanda ba mu cika son tattaunawa ba: magidanci ya rasu, shaidar wanda yake bi da wanda ke binsa tana cikin na'urar da ba wanda ya iya buɗewa, magada su shiga rigima a kan abin da takarda ɗaya a hannun amintacce za ta warware. Addini ya hore mu da rubuta bashi da barin wasiyya, kuma a wannan zamani ajiye hanyar isa ga rubutun yana cikin cika wannan umarni.

Mabuɗi na biyu ba ya maganin komai da komai. Ba ya ceton faifan da ya ƙone ko na'urar da aka sace, waɗannan sai kwafin aiki a wani wuri dabam, kuma duk mai furojet ya kamata ya riƙa tura wa kansa ta imel ko ya zuba a filas duk mako. Amma a cikin dukkan hanyoyin da mutum ke rasa aikinsa, kullewar folda ita ce wadda aka fi iya kauce wa, domin bayanan suna nan lafiya, hanyar buɗe su kuma an tanade ta tun farko, mu ne ba mu karɓa ba. Saboda haka kiran nawa ga ɓangarori uku ne. Ƙungiyoyin masu sayar da kwamfuta da masu gyara a Keffi su mayar da miƙa mabuɗi da neman izini a rubuce kafin fomat ƙa'idar sana'a, su hukunta wanda ya saɓa. Shugabannin makarantu da asibitoci su buɗe rajistar mabuɗai a wannan zangon, kada su jira sai an yi asara. Mai saye kuma kada ya bar shago sai ya yi tambayoyi biyu: wannan na'urar a kulle take, kuma da asusun wa aka buɗe ta? Idan mai shago ya kasa amsawa, cinikin bai kammala ba, kuma mai saye yana da haƙƙin ya riƙe kuɗinsa har sai an ba shi amsa a rubuce.